Johnston, jirgin yaƙin da bai cika shekara ba

Ranar 27 ga Oktoba 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka ɗaga tuta a kan wani sabon jirgin ruwan yaƙi a birnin Seattle na Amurka, aka shigar da shi aiki da suna Johnston, lambarsa 557. Ranar 25 ga Oktoba 1944, da misalin ƙarfe 10:10 na safe, ya kife ya nutse a gabashin tsibirin Samar na ƙasar Filifin, saura kwana biyu ya cika shekara. Mutum 327 ke cikinsa a ranar, 141 ne suka ga gida.

Duk wanda ya ba da labarinsa, awa ukun ƙarshe yake bayarwa, kuma ba laifi, don a nan ne sunan ya fito. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Jirgin nan ba don irin wannan faɗa aka ƙera shi ba, ba kuma don shi aka ajiye shi a wurin ba. Wasu manya ne can sama suka bar ƙofa a buɗe, kowannensu yana zaton ɗan'uwansa ya rufe. Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a Samar wani ne ya ja, wani ya jiƙe.

Jirgin da mai jirgin

Irin wannan jirgi Turawa na ce masa distiroya. Dogo ne siriri, tsawonsa kusan mita 115, nauyinsa tan dubu biyu da 'yan kai kafin a yi masa lodin mai da harsasai, yana kuma iya kwasar kilomita 65 a awa. Yana ɗauke da igwa biyar masu bakin inci 5, da tofido goma, wato doguwar nakiya mai farfela da ke gudu a ƙarƙashin ruwa har ta je ta fasa cikin jirgin abokan gaba, da kuma bama-baman da ake jefa wa jiragen ƙarƙashin ruwa. Sulke kam babu. Jikinsa falle ne na ƙarfe, shi ya sa sojojin da ke aiki a cikin irinsa suke ce masa gwangwani. Samfurin da Johnston ya fito daga ciki sunansa Fletcher, kuma guda 175 Amurka ta ƙera a lokacin yaƙin, kamar ana fitar da bulo daga injin. Aikinsa aikin zagi ne: ya shiga gaban manyan jirage, ya leƙa hanya, ya kori jirgin ƙarƙashin ruwa, ya harbi jirgin sama, ya tsamo matuƙin da ya faɗa teku.

Wanda aka damƙa wa ragamarsa tun ranar farko shi ne Ernest Evans, haifaffen garin Pawnee a jihar Oklahoma a 1908, jinin Cherokee da Creek, wato 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa. Kurtu ya shiga sojan ruwa, daga baya ya samu gurbi a makarantar hafsoshi ta Annapolis, ya gama a 1931. Akwai abu guda a tarihinsa da sai an san shi kafin a fahimci abin da ya yi a Samar. A watan Fabrairu 1942 yana cikin wani tsohon distiroya mai suna Alden a yaƙin Tekun Java, inda Japanawa suka ragargaza jiragen ƙawance. Alden ya harba tofidonsa, ya juya, ya tsere zuwa Ostireliya. Umarni aka bi, ba wanda ya ce an yi laifi, amma ga alama abin ya zauna wa Evans a zuciya. Waɗanda suka halarci bikin ɗaga tutar Johnston sun ce ya gaya musu a fili cewa jirgin nan na faɗa ne, shi kuma inda haɗari yake can zai nufa, wanda bai shirya ba ya sauka tun yanzu. Kwamandoji da yawa kan yi irin wannan cika baki a ranar biki. Bambancin kawai, shi nasa an zo an gwada.

Watannin da suka biyo baya ba su da wani abin mamaki, kuma haka ya kamata. A farkon Fabrairu 1944 ya yi ruwan harsasai a gaɓar Kwajalein da ke tsibiran Marshall, a tsakiyar watan ya koma Eniwetok ya yi irin wannan aiki. Daga nan sai sintiri a yankin tsibiran Solomon. Ranar 16 ga Mayu, shi da wasu distiroya biyu, Haggard da Franks, suka rutsa da jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan mai lamba I-176 kusa da tsibirin Buka, suka nutsar da shi da duk mutanen cikinsa. A watan Yuli yana Guam, inda cikin kwanaki kaɗan ya harba harsashi sama da dubu huɗu don share wa sojojin ƙasa hanya. A Satumba ya raka ƙananan jiragen dakon jiragen sama zuwa Palau. Lura da abu guda: har zuwa nan bai taɓa musayar wuta da wani jirgin yaƙi da ke saman ruwa ba. Gaɓa yake harbi, da abin da ke ƙarƙashin ruwa.

Ƙofar da aka bari a buɗe

Ranar 20 ga Oktoba 1944 sojojin Amurka ƙarƙashin Janar MacArthur suka sauka a tsibirin Leyte don ƙwato Filifin. A wannan lokaci ne kuma sojojin Afirka ta Yamma, har da 'yan Arewa da dama, suke dazukan Bama suna fama da Japanawan nan. Yaƙin ɗaya ne, fagen ne daban. Ga Japan, rasa Filifin na nufin yanke hanyar man da take ɗaukowa daga kudu, don haka ta yanke shawarar jefa duk abin da ya rage mata na jiragen ruwa, ko a mutu ko a yi rai.

Dabarar tana da sassa, amma zuciyarta tarko ce. Admiral Ozawa zai gangaro daga arewa da jiragen dakon jiragen sama guda huɗu waɗanda kusan fanko ne, don jiragen saman da ƙwararrun matuƙan sun ƙare a yaƙe-yaƙen baya. Aikinsa kawai a gan shi a bi shi. Idan babbar rundunar Amurka ta bi shi, sai Admiral Kurita ya ratso ta mashigin San Bernardino da manyan jiragen igwa, ya sauko kudu ta gefen Samar, ya afka wa jiragen kaya da sojojin da ke bakin Leyte. Wata rundunar kuma ta shigo ta kudu, ta mashigin Surigao.

A ɓangaren Amurka kuwa, runduna biyu ce a wurin, kuma ba uban gida ɗaya gare su ba. Runduna ta Uku, mai manyan jiragen dako da sababbin jiragen igwa, tana hannun Admiral Halsey, shi kuma yana amsa wa Admiral Nimitz da ke can Hawaii. Runduna ta Bakwai, wadda ta kawo sojojin ƙasa, tana hannun Admiral Kinkaid, shi kuma yana amsa wa MacArthur. Babu wani mutum guda a kusa da ke saman su biyun, kuma saƙo tsakaninsu kan yi doguwar hanya kafin ya isa. A ganina nan ne tushen duk abin da ya faru, fiye da halin Halsey da aka fi yawan zargi.

Da farko abin ya yi wa Amurka kyau. Ranar 23 ga wata jiragen ƙarƙashin ruwa biyu, Darter da Dace, suka nutsar wa Kurita da kurusa biyu, wato jiragen yaƙi masu sulke da suka fi distiroya girma amma ba su kai jirgin igwa ba, har da Atago wanda shi kansa yake ciki. Sai da aka tsamo shi daga ruwa ya koma cikin katafaren jirgin igwa Yamato. Washegari jiragen saman Halsey suka yi wa rundunarsa taron dangi a Tekun Sibuyan, suka nutsar da Musashi, ɗan'uwan Yamato. Kurita ya juya yamma kamar mai komawa gida. Da la'asar ɗin ranar Halsey ya aika wa kwamandojinsa saƙon cewa za a haɗa wata ƙungiya, Runduna ta 34, da jiragen igwa huɗu ƙarƙashin Admiral Lee. Shiri ne na ko-ta-kwana, ba umarni ba. Amma masu rediyon Kinkaid sun tsinci saƙon, ko da yake ba shi aka aika wa ba, sai ya ɗauka an riga an haɗa ta kuma tana gadin San Bernardino. Da dare Halsey ya samu labarin Ozawa, ya aika cewa ya nufi arewa da ƙungiyoyi uku. Kinkaid ya karanta: uku sun tafi, ta huɗu tana nan. Alhali Halsey ya kwashe komai, ko distiroya guda bai bari a bakin mashigin ba.

Kurita kuwa tun kafin magariba ya sake juyowa gabas. Jiragen leƙen asiri na dare sun gan shi, sun kuma ga an kunna fitilun hanya a mashigin, waɗanda suka daɗe a kashe. Wasu kwamandojin Halsey sun yi ƙoƙarin jan hankali, ba a saurare su ba. Bayan tsakar dare kaɗan Kurita ya fito sarari yana jiran a buɗe masa wuta, sai ya tarar da teku fayau. A daidai wannan dare tsofaffin jiragen igwar Kinkaid suna can kudu a Surigao suna gamawa da rundunar Admiral Nishimura, sun yi nisa, sun kuma ci harsasansu.

Abin da ya rage tsakanin Kurita da Leyte ƙungiyoyi uku ne na ƙananan jiragen dako, da ake kira Taffy a rediyo. Ta can arewa, Taffy 3, tana ƙarƙashin Admiral Clifton Sprague: jiragen dako shida, waɗanda da ƙyar suke yin kilomita 33 a awa, kowanne da igwa ƙwaya ɗaya a baya, sai distiroya uku, Hoel da Heermann da Johnston, sai wasu 'yan rakiya huɗu da ba su kai distiroya ba. Aikinsu taimakon sojojin ƙasa ne, kuma yawancin bama-baman da ke jikin jiragen samansu na wannan aiki ne, ba na fasa sulke ba.

Awa uku

Gari ya waye, ana shan kofi, wasu jiragen saman sun riga sun tashi sintiri. Kafin ƙarfe bakwai wani matuƙi mai suna William Brooks ya kira cewa ga manyan jiragen abokan gaba a arewa maso yamma. Sprague ya ce a sake dubawa, don ya ɗauka na Halsey ne. Brooks ya sauko ƙasa-ƙasa ya ga dogayen hasumiyoyin jiragen Japan da tutarsu. Jiragen igwa huɗu ne, Yamato da Nagato da Kongo da Haruna, da manyan kurusa shida, da ƙanana biyu, da distiroya goma sha ɗaya.

Don a gane bambancin, Yamato kaɗai ya haura tan dubu 65. Ɗaki guda daga cikin ɗakunan igwarsa uku ya fi Johnston nauyi idan ba a yi masa lodi ba. Harsashinsa guda ya kusa kilo 1,460, na Johnston kuma kamar kilo 25, rabin buhun siminti ke nan.

Wajen ƙarfe bakwai saura 'yan mintoci harsasai suka fara sauka, ruwa na tashi sama launi-launi, ja da rawaya da kore, don jiragen Japan na sa rini a harsashinsu domin kowanne ya gane inda nasa ya faɗa. Sprague ya juya gabas don jiragen sama su samu iskar tashi, ya ce kowa ya tashi da abin da ke jikinsa, ya kuma ce a tada hayaƙi. Johnston ne mafi kusa da abokan gaba. Ya fara zuba hayaƙi, baƙi daga bututu, fari daga injin da ke baya, sannan Evans, ba tare da ya jira umarnin kowa ba, ya juya hancin jirgin ya nufi rundunar Japan shi kaɗai da iya gudunsa.

Ana yawan faɗin wannan a matsayin zafin zuciya kurum, amma akwai lissafi a ciki. Igwa inci 5 ba za ta huda sulken kurusa ba. Abu ɗaya tak da ke jirgin wanda zai iya tsayar da babban jirgi shi ne tofido, shi kuma sai an matsa kusa, ƙasa da kilomita goma. In ya tsaya a layi, kurusoshin da suka ninka jiragen dakon gudu za su cim musu cikin ɗan lokaci, shi ma ba zai tsira ba. To in mutuwar ce ko ta ina, gara a mutu an kashe tofidon a inda zai yi amfani. Yana tafe yana karkacewa, duk inda harsashi ya faɗa sai ya nufi nan, don ya san maharbin zai gyara saiti ba zai maimaita wuri ɗaya ba.

Da misalin 7:10, daga nisan kilomita 16, Laftanar Robert Hagen mai kula da igwa ya buɗe wa kurusa Kumano wuta. Nan Johnston yana da fifiko guda na gaske: rada da na'urar lissafin saiti suna riƙe da abin hari ko jirgin na juye-juye ko hayaƙi ya rufe, alhali Japanawa sun fi dogaro da ido da madubi. Ya harba sama da harsashi 200, ya kunna wuta a saman Kumano. Da ya zo kamar kilomita tara sai ya saki tofidonsa goma duka, ya juya ya shige hayaƙinsa. Aƙalla ɗaya ya samu, ya yanke wa Kumano hanci. Kumano ya fita daga tseren, kuma Suzuya, wanda jiragen sama suka riga suka raunata, ya tsaya don ɗaukar kwamandan ƙungiyar. Cikin rabin awa manyan kurusa biyu daga shida sun bar layi.

Wajen 7:30 aka biya shi. Manyan harsasai uku suka shige shi, wasu uku masu inci 6 suka biyo baya. An daɗe ana cewa na Kongo ne, amma bincike na baya a takardun Japan ya fi karkata ga Yamato. Hagen ya kwatanta abin da ɗan kwikwiyon da babbar mota ta banke. Inji ɗaya ya mutu, gudun ya dawo kilomita 31, wutar da ke juya akalar jirgin da igwa ukun baya ta yanke, kamfas ya lalace. A ɗakin tuƙi an kashe mutane, Evans ya rasa yatsu biyu na hagu, fashewar ta yage masa riga. Abin da ya hana jirgin tarwatsewa nan take abin ban mamaki ne: Japanawa sun ɗauka kurusa ne, suka yi amfani da harsashi mai fasa sulke, wanda sai ya ci karo da ƙarfe mai kauri yake fashewa yadda ya kamata. Gwangwani kuwa ba shi da abin da zai tare shi. Rashin sulken ne ya yi masa rana.

Sai Allah ya kawo wani hadari, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, jirgin ya fake a ciki kamar minti goma. A nan aka gyara rada, aka dawo da wasu igwa, aka koma juya akala da hannu daga can baya.

Daga nan ne labarin ya wuce lissafi. Jirgin ya yi aikinsa, tofido ya ƙare, inji ɗaya ya rage, ba wanda zai zarge shi in ya ja jiki. Da 7:50 Sprague ya ba sauran distiroya umarnin kai hari. Suna wucewa ta gefensa, Evans ya juya ya bi su a baya, wai ya kare su da igwa. Cikin hayaƙi saura ƙiris su yi karo da Heermann, sai da kowanne ya ja da baya da ƙarfin inji. Da 8:20 wata hasumiya ta ɓullo daga hayaƙi a nisan kilomita shida da 'yan kai, jirgin igwa ne irin Kongo, suka zuba masa harsashi kamar talatin suka koma cikin duhu. Suka hangi wani kurusa yana dukan jirgin dako Gambier Bay, Evans ya ce a harbe shi don ya juyo kansu ya bar wancan. Bai juyo ba.

Sai abin da nake ganin shi ne aikinsa mafi amfani bayan Kumano. Ƙaramin kurusa Yahagi da distiroya huɗu suka taho ta ɗaya gefen don su yi wa jiragen dakon ruwan tofido, kuma tofidon Japan a lokacin ya fi na kowa nisa da ƙarfi. Johnston ya gitta musu, ya dinga dukan na gaba, sannan na biye. Suka karkace, suka saki tofidonsu daga nesa, babu wanda ya samu jirgin dako ko ɗaya. Suka kai rahoton cewa sun nutsar da manyan jirage.

Bayan haka ba sauran abin da ya rage sai duka. Wuta ta kori mutane daga ɗakin tuƙi, Evans ya koma can bayan jirgin yana ƙwala umarni ta wata ƙofar bene ga waɗanda ke juya akala da ƙarfin damtse. Robert Copeland, kwamandan ƙaramin ɗan rakiya Samuel B. Roberts, ya ce da suka gifta ya gan shi a nan, ba riga, jina-jina, hannu a naɗe da ƙyalle, ya ɗaga masa hannu. Da 9:40 injin da ya rage ya tsaya. Distiroyan Japan suka kewaye shi suna harbi. Da 9:45 Evans ya ce a bar jirgin. Wasu daga waɗanda suka tsira sun ce da wani distiroyan Japan ya zo wucewa ta cikinsu suna ruwa, suna jiran a buɗe musu wuta, sai suka ga hafsan da ke samansa ya ƙame ya sara wa jirgin da ke nutsewa.

Me ya saya da ransa?

In za a faɗi gaskiya, Johnston bai nutsar da jirgi ko ɗaya ba a Samar. Kumano ya lallaɓa ya tsira, sai bayan wata guda jiragen sama suka ƙarasa shi a gaɓar Luzon. Kurusa ukun da Japan ta rasa a ranar, Chokai da Chikuma da Suzuya, mafi yawan aikin na jiragen sama ne, musamman na Taffy 2 da ke kudu, wadda ta samu sukunin ɗora musu tofido da manyan bama-bamai. Matuƙan da harsashinsu ya ƙare sun dinga kai farmakin ƙarya hannu rabbana don kawai jiragen Japan su karkace. Tofidon da ya sa Yamato ya juya arewa yana gudu har kusan minti goma, da Kurita a ciki, na 'yan'uwan Johnston ne, ba nasa ba. Hoel ya nutse, Samuel B. Roberts ya nutse, Gambier Bay ya nutse, kuma kafin azahar wani ɗan ƙunar baƙin wake ta jirgin sama ya nutsar da St. Lo, wani jirgin dakon Taffy 3.

Abin da ya saya lokaci ne da ruɗani. Tun da asuba Kurita ya yi kuskuren ɗaukar cewa manyan jiragen Halsey ne a gabansa, ya kuma ba da umarnin kowa ya kai hari yadda ya ga dama maimakon a jeru. Hayaƙi ya hana shi gyara kuskuren, halin distiroyan kuma ya ƙara tabbatar masa da shi, don a hankalce ƙaramin jirgi ba ya tunkarar jirgin igwa da rana tsaka sai in yana da wani babba a bayansa. Ga mutum ya kwana uku ba barci, an nutsar da jirginsa, ya ga Musashi ya tafi, jiragensa sun watsu bai san inda wasu suke ba, yana kuma jin Amurkawa na kiran agaji a rediyo ba tare da sun sakaya ba, abin da ya sa shi zaton agajin na kusa. Da 9:11, a lokacin da kurusoshinsa suka kusa kama sauran jiragen dakon, ya ce kowa ya dawo a sake haɗuwa. Bayan dogon tunani ya juya arewa ya koma ta inda ya fito. Har yau masana na jayayya kan ko da ya shiga Leyte zai iya yin ɓarnar da za ta canza wani abu, tunda an riga an sauke yawancin kaya da sojoji. Amma jiragen dako biyar ɗin da suka fita daga hannunsa da mutanen cikinsu ba abin jayayya ba ne.

Halsey kuwa, saƙonnin Kinkaid sun yi ta isa gare shi a makare. Wajen ƙarfe goma Nimitz da kansa ya aiko yana tambayar ina Runduna ta 34. Al'ada ce a liƙa wasu kalmomi marasa ma'ana a farko da ƙarshen saƙo don ruɗa masu fasa sirri, sai mai karɓa ya manta bai cire na ƙarshen ba, saƙon ya fito kamar ana cewa duniya duka tana mamaki. Halsey ya ɗauka gatse ne, ya yi jifa da hularsa. Sai 11:15 ya juya jiragen igwarsa kudu. A lokacin Johnston ya yi awa guda a ƙarƙashin ruwa.

Bayan faɗan

Lissafin rundunar ruwan Amurka kan mutum 186 da aka rasa shi ne ya fi komai nauyi a wannan lamari. Kimanin 50 ne wutar abokan gaba ta kashe a cikin jirgin. Kimanin 45 sun mutu a kan tabarmin ceto saboda raunuka. Sauran, 92, har da Evans, an san sun shiga ruwa da ransu, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Wato waɗanda suka mutu bayan faɗan sun ninka waɗanda suka mutu a cikinsa fiye da sau biyu.

Jiragen saman Amurka sun wuce ta kansu a ranar, har wasu sun kaɗa fiffike alamar an gan su, don haka suka sa rai da ceto kafin dare. Amma 'yan rakiyar Taffy 3 da suka rage suna fama da tsamo mutanen St. Lo, wurin da aka ba masu nema kuma ba daidai ba ne, ga igiyar ruwa na jan mutanen nesa da inda jiragen suka nutse. Ƙananan jiragen sauke sojoji da na sintiri da aka turo daga Leyte suka isa inda aka ce musu, suka tarar ba kowa. Mutanen suka kwana biyu a ruwa. Rana ta gasa su, dare ya daskarar da su, kifayen shak suka bi jinin masu rauni, wasu ƙishirwa ta sa suka sha ruwan gishiri suka zauce suka saki igiya suka tafi. Sai daren 26 zuwa safiyar 27 ga wata aka fara cin karo da su, aka tsamo sama da mutum dubu na jiragen huɗu. Ranar da aka ɗauko mutanen Johnston ita ce ranar da jirgin zai cika shekara.

An ba Evans lambar girma mafi daraja ta sojan Amurka bayan rasuwarsa, an ba Taffy 3 yabon shugaban ƙasa, an sa wa wani sabon distiroya suna Johnston, a 2023 kuma aka sanar da cewa wani da za a ƙera zai ɗauki sunan Ernest E. Evans. Halsey ya samu ƙarin girma zuwa admiral mai tauraro biyar a Disamba 1945, kuma har ya mutu yana kan cewa bin Ozawa daidai ne.

A 2019 jirgin bincike Petrel ya ga tarkacen wani distiroya samfurin Fletcher a gangaren Kwazazzabon Filifin, amma ba a iya tantance ko Johnston ne ko Hoel ba, don babban ɓangaren ya zame zuwa inda na'urarsu ba ta kaiwa. Ranar 31 ga Maris 2021 mai binciken ƙarƙashin teku Victor Vescovo ya sauka da kansa a cikin wani ƙaramin jirgin nutso, ya bi sawun zamewar har zurfin mita 6,456. Ya tarar da gaban jirgin a tsaye a kan cikinsa, igwa biyun gaba na nan a mazauninsu, jikin duk huji, farar lamba 557 kuma tana karantuwa a gefen hancinsa.